Mutumin da Ke Jikin Naira Ɗari: Tarihin Cif Obafemi Awolowo

Ina jin a duk faɗin makarantar nan babu ɗalibin da bai taɓa riƙe takardar naira ɗari ba. Ita ake ba ƙannenmu kuɗin tara, ita muke miƙa wa mai ƙosai a bakin ƙofa. Amma da za a tare mu a ce mu faɗi ko wane ne mutumin nan mai tabarau da 'yar hula wanda ke jikinta, da yawa daga cikinmu sai dai mu yi ta susar ƙeya. Ni ma dā haka nake, sai a hutun da ya wuce wani abu ya faru a zauren gidanmu wanda ya sa na tashi neman labarinsa.

Kakana tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa. Yana da wani amini ɗan ƙabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran mota a Sabon Gari, sun fi shekara 50 tare. Ran nan suna zaune a zaure, kakana ya aike ni sayen goro. Da na komo na ajiye canji a kan tabarma, cikinsa har da naira ɗari. Sai baƙon nan ya sa hannu ya kife ta, fuskar mutumin ta dubi ƙasa. Kakana ya miƙa hannu ya birkice ta. Daga nan gardama ta kaure, ba su tsaya ba sai da aka kira la'asar. Kakana yana cewa albarkacin mutumin nan ne ya yi wata 30 ana yaƙi albashinsa bai taɓa salwanta ba. Amininsa kuwa yana cewa mutumin nan ne ya mai da dukiyar mahaifinsa fam 20. Na yi mamaki ƙwarai yadda dattawa biyu, waɗanda ban taɓa jin ɗayansu ya yi ƙarya ba, za su saɓa haka a kan mutum guda. Da muka komo makaranta na tambayi malaminmu na tarihi, na kuma shiga laburare. Abin da na samo shi ne zan ɗan tsakura wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

Asalinsa da ƙuruciyarsa

An haifi Obafemi Awolowo ran 6 ga Maris, 1909, a Ikenne, wani ƙaramin gari na ƙasar Yarbawa wanda yanzu ke cikin Jihar Ogun. Mahaifinsa manomi ne, yana kuma taɓa sana'ar yankan katako. Cikin 1920 mahaifin ya rasu, sa'an nan yaron yana da shekara 11 da haihuwa. Nan take kuɗin makaranta ya nemi gagara. Ya tafi Abeokuta ya riƙa zama a gidajen mutane yana yi musu aikace-aikace, wani lokaci ya shiga daji ya yo itace ya sayar, don dai kada karatunsa ya tsaya. Cikin 1927 ya sami shiga Kwalejin Wesley ta Badun, inda ake horad da malamai, amma bai daɗe ba ya fito neman abin kansa.

Kusan babu sana'ar da bai gwada ba. Ya yi malanta, ya yi akawu, ya yi aikin buga tafireta, ya yi aikin jarida. Daga baya ya shiga sayen koko da harkar motocin sufuri. Gab da yaƙin duniya na biyu kasuwa ta juya masa baya, bashi ya yi masa katutu, har aka yi gwanjon kayansa yana ji yana gani. Malaminmu ya ce wanda duk yake so ya fahimci Awolowo, to, ya riƙe wannan labari, don kuwa wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya zabura. Tun daga ran nan ya zama mutum mai tsoron bashi, mai rubuta duk abin da ya shiga da abin da ya fita.

Matarsa Hannah, wadda ya aura cikin 1937, 'yar kasuwa ce, ita ta tallafe shi har ya farfaɗo. Yana fama da biyan bashi yana kuma karatu da dare ta hanyar wasiƙa, har ya sami digiri a fannin kasuwanci daga Jami'ar London cikin 1944. A shekarar nan ya tafi Ingila karatun shari'a, ya bar matar tana riƙe da gida. Ya zama lauya cikin 1946, ya komo ƙasarsa. Cikin 1949 ya kafa jaridar Tribune a Badun, cikin 1951 kuma ya fito da jam'iyyarsa ta Action Group.

Firimiyan Jihar Yamma

A zamanin nan Nijeriya jiha uku ce kawai, watau Arewa da Gabas da Yamma. Awolowo ya fara jan ragamar gwamnatin Yamma cikin 1952, ya zama Firimiya cikin 1954, shekarar da Sardauna ya zama na Arewa, Dokta Azikiwe kuma na Gabas. A nan ne aka fara ganin ra'ayinsa game da kuɗin jama'a. A ganinsa, babu inda ya fi cancanta gwamnati ta zuba kuɗi kamar ilmi da lafiyar talakawa. Amma kuma ya tsaya a kan cewa kada a yi wa jama'a alkawarin kome sai an san inda kuɗinsa zai fito.

Alal misali, da ya ƙudura ba da ilmin firamare kyauta, bai yi gaggawar buɗe ƙofa ba. Shi da ministansa na ilmi, Stephen Awokoya, sun ɗauki shekaru suna shiri, ana ƙirga yara, ana gina azuzuwa, ana horad da malamai. Sa'an nan ya ɗora wa mutane ƙarin haraji na musamman don ilmi da lafiya. Mutane suka yi ta gunaguni, abokan hamayya suka sami abin yaɗawa, har a zaɓen tarayya na 1954 jam'iyyar NCNC ta fi tasa samun kujeru a cikin jiharsa. Duk da haka bai janye ba. Cikin Janairu, 1955, aka buɗe shirin. Yaran firamare na Jihar Yamma, waɗanda ba su wuce wajen 457,000 ba cikin 1954, suka haura 800,000 a shekara guda. Har ila yau gwamnatinsa ta yanka wa leburorinta sule 5 a yini, ta kuma buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya cikin 1959.

Ban da haraji, akwai wata rijiya da ya riƙa ɗiba, ita ce asusun Hukumar Ciniki. Iyayenmu sun san irin wannan hukuma, don ita ce ta riƙa sayen gyaɗa da auduga a nan Arewa. Takan yanka wa manomi farashi ƙasa da na kasuwar duniya, ta ajiye rarar. A Yamma rarar koko ce ta gina makarantu da hanyoyi da yawa. Watau dai abin da aka kira kyauta, manomi ne ya biya da guminsa.

Maganar bankuna

Kafin samun mulkin kai manyan bankunan ƙasar nan na Turawa ne, kamar Bankin Barclays da wanda daga baya ya zama First Bank. Sun fi son ba kamfanonin Turawa da Kwarori rance, ɗan ƙasa kuwa da wuya ya samu. Saboda haka 'yan ƙasa suka shiga buɗe nasu, musamman daga ƙarshen yaƙin duniya na biyu. Da yake babu wata doka mai ƙarfi, kowa ya sami ɗaki da akwati sai ya kafa allo ya ce ya buɗe banki. Yawancinsu suka rushe da ajiyar mutane, abin da ya sa aka kafa dokar banki ta farko cikin 1952.

Ra'ayin Awolowo shi ne, ƙasar da baƙi ke riƙe da bankunanta ba ta gama samun 'yanci ba. Don haka gwamnatinsa ta riƙa zuba kuɗi a bankin 'yan ƙasa mai suna National Bank, wanda aka kafa tun 1933, don ya yi ƙarfi ya riƙa ba 'yan kasuwarmu rance. Gabas ma ta yi haka da nata bankin, Arewa kuma ta kafa Bankin Arewa a jajibirin mulkin kai.

To, amma a nan akwai wani tabo wanda bai kamata in ɓoye ba. Cikin 1962 Gwamnatin Tarayya ta naɗa kwamitin bincike a ƙarƙashin Mai Shari'a Coker. Kwamitin ya gano cewa kuɗi masu yawa na Hukumar Ciniki sun bi ta wani kamfanin gine-gine sun faɗa asusun jam'iyyar Action Group, ya kuma ɗora wa Awolowo alhakin haka. Magoya bayansa suka ce bi-ta-da-ƙulli ne na siyasa, tun da kwamitin ya wanke Akintola wanda a lokacin suke rigima da shi. Ko ma yaya ne, ni dai abin da na fahimta shi ne, in aka haɗa aljihun gwamnati da na banki da na jam'iyya wuri guda, ko mai tsantseni sai ya shafi baƙi.

Daga majalisa zuwa kurkuku

Cikin 1959 ya bar wa Akintola kujerar Firimiya ya fito neman shugabancin ƙasa baki ɗaya. Tsofaffinmu ba su manta da yaƙin neman zaɓensa a Arewa ba, don ya zo da jirgin sama mai saukar ungulu yana sauka ƙauye-ƙauye, ya kuma haɗa kai da Joseph Tarka na ƙasar Tibi da Ibrahim Imam na Barno. Wannan ya sa tsakaninsa da Sardauna ba a ga maciji, shi ya sa har yau wasu gidaje a Arewa ba su cika yabonsa ba. Bai ci zaɓen ba, sai ya zama shugaban 'yan hamayya a majalisar Ikko. Yana cikin waɗanda suka yi tsayin daka a kan yarjejeniyar tsaro da aka ƙulla da Ingila, har aka soke ta cikin 1962.

A shekarar nan jam'iyyarsa ta dare biyu, aka kafa dokar ta-ɓaci a Yamma, aka kuma gurfanad da shi gaban shari'a bisa zargin shirin kifar da gwamnati. Ana cikin shari'ar babban ɗansa, Segun, ya rasu a haɗarin mota. Cikin Satumba, 1963, aka yanke masa ɗaurin shekara 10, daga baya aka kai shi kurkukun Kalaba. Yana can soja suka yi juyin mulkin Janairu, 1966, wanda ya ci rayukan Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Akintola da sauransu. Bayan juyin mulki na biyu, Yakubu Gowon ya sake shi a farkon Agusta, 1966.

Ma'ajin ƙasa a lokacin yaƙi

Yanzu na zo kan abin da ya haɗa dattawan nan gardama. Cikin Yuni, 1967, Gowon ya naɗa Awolowo Kwamishinan Kuɗi na Tarayya, kuma mataimakinsa a majalisar zartaswa, inda ya zauna tare da irin su Malam Aminu Kano da Tarka. Ran 6 ga Yuli yaƙi ya ɓarke tsakanin Gwamnatin Tarayya da yankin Gabas wanda ya ɓalle ya kira kansa Biyafara.

Jama'a, ku dubi irin nauyin da ya hau kansa. Sa'ad da aka fara yaƙi sojan Nijeriya duka-duka wajen 10,000 ne. Kafin a gama sun kai wajen 250,000. Kowane ɗaya daga cikinsu sai an biya shi albashi, an ɗinka masa kaki, an saya masa takalmi, an ci da shi, an ba shi bindiga da harsashi, in ya ji rauni a yi masa magani. Makamai kuwa daga waje ake sayo su, kuma sai da kuɗin waje. Ga shi yawancin rijiyoyin mai suna cikin yankin da ake fafatawa, haƙar mai ta yi ƙasa ƙwarai. Sai aka koma dogara ga gyaɗa da auduga da kuza na Arewa, da koko na Yamma.

Hanya mafi sauƙi ita ce a ruga ƙasashen waje a ciwo bashi. Awolowo ya ƙi, don ya san kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ƙasar da ta ba ka rancen yaƙi gobe ita za ta gaya maka yadda za ka ƙare shi. Shi da babban sakataren ma'aikatarsa, Abdul'aziz Atta ɗan Okene, da Gwamnan Babban Banki, Clement Isong, sai suka ɗaure wa ƙasa ɗamara. Aka umurci ma'aikatu su tsuke bakin aljihu, aka jingine ayyukan da ba na dole ba. Aka hana shigo da kayan alatu da yawa, sauran kuma aka ƙara musu kuɗin kwastan. Aka ƙara wa kamfanoni haraji, aka kuma riƙa yanke kashi 5 cikin 100 na albashin ma'aikata a matsayin ajiyar dole. Aka daskarar da ƙarin albashi, daga baya ma aka hana yajin aiki. Abin da ya rage na giɓi, gwamnati ta ranta a cikin gida, ta hannun Babban Banki da sauran bankuna.

Cikin Nuwamba, 1967, Ingila ta rage darajar kuɗinta. An zaci Nijeriya za ta bi sahu yadda aka saba, amma ya ƙi, fam ɗin Nijeriya ya tsaya inda yake. Sa'an nan cikin Janairu, 1968, ya yi abin da ya girgiza Biyafara fiye da igwa. Mutanen Ojukwu suna riƙe da tulin takardun kuɗin Nijeriya waɗanda suka samu a rassan Babban Banki na yankinsu, suna fita da su waje suna sayen makamai. Kwatsam sai aka sake kuɗin ƙasar, aka ba da 'yan kwanaki a kawo tsofaffi, bayan nan suka zama takardun banza. Dole Biyafara ta buga nata kuɗin, wanda babu mai karɓarsa a waje.

Bai manta da tsohon ra'ayinsa game da bankuna ba. Dokar banki ta 1969 ta tilasta wa kowane banki, har da na Turawa, ya yi rajista a nan Nijeriya, ya riƙa buga lissafinsa na nan gida kowa ya gani, ya kuma mallaki jari mai kauri kafin ya karɓi ajiyar mutane. An yanka wa bankin 'yan ƙasa fam 300,000, na baƙi kuwa fam 750,000. Manufar ita ce kada a sake irin ɓarnar da aka yi a baya, kuma gwamnati ta san abin da baƙi ke yi da kuɗin ƙasa.

Wannan tsuke-tsuke bai tafi salin-alin ba. A ƙasarsa ta Yarbawa ma manoman koko sun yi bore cikin 1968 da 1969 saboda nauyin haraji, aka yi asarar rayuka. Awolowo da kansa ya shiga ƙauye ya sadu da shugabansu, Tafa Adeoye, daga bisani aka rage harajin zuwa fam 2. Da yaƙi ya ƙare cikin Janairu, 1970, lissafin da shi ya bayar ya nuna an kashe wajen fam miliyan 300, ba tare da an ciwo bashin yaƙi daga wata ƙasa ba.

Abin da kakana ya gani

Kakana ya shiga soja cikin 1967 yana sabon aure. Ya yi 'yan makonni yana kurtu a Zariya, aka tura shi Runduna ta Ɗaya wadda ta nufi Inugu. Ya gaya mini cewa ya sa an riƙa yanke wani abu daga albashinsa ana ba kakata a gida. Wani lokaci biya kan yi jinkiri, musamman da damina in hanya ta lalace, amma daga ƙarshe yakan iso cif. Ya ce in riƙe wannan da kyau: soja mai bindiga a hannu da yunwa a ciki, kuma zuciyarsa na can wajen iyalin da ya bari babu ko ƙwayar hatsi, ya fi zama haɗari ga mutanen da aka aiko shi ya tsare. Yau zai kama akuyar wani, gobe ya fasa rumbun wani. Saboda haka a wurinsa wanda ya samo kuɗin biyan soja ya yi yaƙi daidai da wanda ya riƙe bindiga.

Kakata kuwa da na tambaye ta dariya ta yi. Ta ce kuɗi kam suna zuwa, amma kullum ƙara ƙanƙancewa suke yi a kasuwa. Atamfar waje ta yi wuya, sai ta masaƙun Kaduna, madara da sukari suka zama sai wane da wane. Malaminmu ya ce gaskiyarta ne, don rancen da gwamnati ta ci a cikin gida ya yawaita kuɗi a hannun mutane alhali kaya sun yi ƙaranci, shi ya jawo tsada. Ashe bashin da aka ƙi ciwowa daga waje, matan gida irin kakata sun taya biyansa a bakin murhu.

Abin da amininsa ya gani

Aminin kakana a nan Arewa aka haife shi. Cikin tashin hankalin 1966 suka gudu Gabas da abin da mahaifinsa ya tara a kasuwa shekara da shekaru. Da aka sake kuɗi, dukiyar ta koma kuɗin Biyafara. Bayan yaƙi gwamnati ta ce kowa ya kai irin wannan kuɗi banki. Suka kai, suka yi ta jira. Daga ƙarshe aka ba kowa fam 20, ko nawa ya kai. Mai buhu guda da mai 'yan takardu a aljihu duk ɗaya. Da wannan fam 20 ya komo Sabon Gari ya fara kasa kaya a kan tebur, mahaifinsa kuwa bai sake miƙewa ba har ya mutu. Ya kuma rasa ƙannensa biyu saboda yunwa.

Wannan ba shi kaɗai ba ne. Toshe hanyoyin shiga Biyafara ya jawo yunwar da ta kashe mutane masu ɗimbin yawa, galibinsu yara ƙanana. Marubuta da yawa na ƙabilar Ibo, har da Chinua Achebe, sun ɗora wa Awolowo babban kaso na alhakin wannan. Shi kuwa ya musanta cewa ya nufi talakawa da yunwa. Ya bayyana cewa abincin da ake aikawa mayaƙa ne ke amfana da shi, maganar fam 20 kuma shawarar wani kwamiti ce, don gwamnati ba ta da halin fansar dukan takardun da Biyafara ta buga. Mai yiwuwa a kan takarda lissafin ya fita daidai. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ni kam ba zan iya duban idon dattijon nan in ce masa an yi masa adalci ba.

Ƙarshen rayuwarsa

A tsakiyar 1971 Awolowo ya ajiye aiki, don a ganinsa bai dace ya ci gaba da zama cikin gwamnatin da ba zaɓaɓɓiya ba bayan an sami zaman lafiya. Alhaji Shehu Shagari ne ya gaje shi. Ya bar wata matsala wadda ta daɗe tana damun ƙasa, watau yawan soja. Ba a yi saurin sallamarsu ba, don ana tsoron sakin dubban matasa da suka saba da bindiga ba tare da sana'a ba, saboda haka albashinsu ya yi shekaru yana cin kaso mai tsoka na kuɗin gwamnati. Ran 1 ga Janairu, 1973, aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, fam guda ya zama naira 2. Ba a jima ba farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, kuɗi suka malalo, aka manta da tsimi. Cikin 1975 sai ga ɗaruruwan jiragen ruwa maƙare da siminti sun yi cirko-cirko a tashar Ikko, an yi odar abin da ya fi ƙarfin tashar.

Da aka ɗage takunkumin siyasa cikin 1978 ya kafa jam'iyyar UPN, da alkawarin ilmi kyauta, magani kyauta, raya karkara da aikin yi ga kowa. A zaɓen 1979 ya zo na biyu a bayan Shagari. Ya kai ƙara har Kotun Ƙoli a kan ko Shagari ya cika sharaɗin kashi biyu cikin uku na jihohi 19, gardamar kuwa a kan ƙuri'un Jihar Kano ta tsaya. Kotu ta ba Shagari gaskiya. Cikin 1981 ya rubuta wa Shugaba Shagari wasiƙa yana gargaɗin cewa in ba a rage kashe kuɗi da shigo da kaya ba, tattalin arziki zai durƙushe. Mutanen gwamnati suka ce zafin faɗuwa zaɓe ne. Cikin Afrilu, 1982, gwamnatin da kanta ta kafa dokar tsuke bakin aljihu. Ya sake tsayawa cikin 1983 bai ci ba, a ƙarshen shekarar kuma soja suka karɓe mulki. Ya rasu a gidansa na Ikenne ran 9 ga Mayu, 1987, yana da shekara 78. Aka sa wa Jami'ar Ife sunansa, cikin 1999 kuma aka buga hotonsa a jikin naira ɗari.

Abin da na ƙaru da shi

Da na koma gida na karanta wa dattawan nan biyu abin da na rubuta. Kakana ya ce na cika tonon laifi, amininsa ya ce na cika yabo, har kakana ya yi mini tsiya wai abokin nasa ya saye ni da kuɗin goro. Babu wanda ya sauka daga kan ra'ayinsa, amma tare suka ci tuwo a kwano guda kamar yadda suka saba. Ni a nawa ɗan sanin, kowannensu gaskiya ya faɗa. Albashin da ya isa hannun kakana da fam 20 da aka miƙa wa amininsa, duk daga littafin lissafi guda suka fito.

A wannan zango 'yan'uwana suka zaɓe ni ma'ajin Ƙungiyar Hausa. Mako biyu da kama aiki aka taso ni a gaba wai a ranto kuɗi a yi walimar ban kwana, in ya so a biya in an tara kuɗin wata. Na ƙi, na ce a fara tarawa tukuna. Wasu abokaina har yanzu ba su gama hucewa ba, sun laƙaba mini Awolowo. Amma da aka kawo shawarar a kori duk wanda bai biya ba, sai na tuna da dattijon Sabon Gari, na roƙa a fara bincika ko wane ne ba shi da hali, don lissafi ba ya ganin hawaye sai mai riƙe da alƙalami ya ɗaga kai ya duba.

Daga ƙarshe ina roƙon iyayenmu, duk ran da mai neman ƙuri'a ya zo da alkawarin kaza kyauta, kaza kyauta, su daure su tambaye shi inda kuɗin zai fito, da kuma wanda zai ɗauki nauyin. Mu kuma ɗalibai, cikinmu akwai waɗanda wata rana za a danƙa wa mabuɗin baitulmali, ko na ƙaramar hukuma ko na ƙasa baki ɗaya. Allah Ya sa in ranar ta zo mu iya riƙon amana, Ya kuma kiyashe mu da sake ganin yaƙi a ƙasarmu, amin.